Sabulun Bakteriya da Ƙasar Garejin Kanikawa: Samarwa, Tantancewa da Abin da Ya Dace da Arewacin Birnin Kaduna

Tsakure

Wasu nau'o'in bakteriya suna fitar da sinadarai masu aiki irin na sabulu, waɗanda a fagen ilmi ake kira bayosafaktan, a wannan takarda kuma za a riƙa ce musu sabulun bakteriya. Takardar ta bibiyi yadda ake samar da su da yadda ake tantance su, tana auna bayanin da halin da ƙasar garejojin kanikawa take ciki a arewacin birnin Kaduna. Matsayinta shi ne mun daɗe muna tsayawa a matakin farko, wato zaƙulo ƙwayar bakteriya da nuna cewa tana tarwatsa ɗigon mai a faranti, alhali aikin da zai amfani bakanike da maƙwabcinsa mai rijiya yana gaba: tabbatar da ainihin sinadarin, zaɓen ƙwayar da ba ta cutar da mutum, da gwada shi a kan jar ƙasarmu.

1. Inda matsalar take

Duk lokacin da aka ɗauko maganar gurɓatar mai a Kaduna, kudu hankali yake tafiya, zuwa matatar mai da aka buɗe a 1980 a yankin Chikun, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, da rafin Romi da ke karɓar ruwan da ke fitowa daga wajenta. An yi rubuce-rubuce da dama a kai, kuma abin ya cancanta. Sai dai mazaunin arewacin kogi yana da tasa matsalar, wadda ba ta da bututu guda da za a nuna da yatsa. A warwatse take: tsohuwar Panteka da sabuwa, Kurmin Mashi da gefen titin Nnamdi Azikiwe, kewayen tashar Kawo da ta Mando, har zuwa Mararrabar Jos inda tankoki da tireloli ke kwana.

Kowa ya san yadda ake juye. Bakanike ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance noti, baƙin mai ya zubo cikin yankakkiyar jarka. Abin da ya taru yana da masu saye: mai katako zai shafa maganin gara, mai buga bulo zai shafa wa abin bugu, wani zai zuba a masai don sauro, wani ya yayyafa a ƙofar shago don ƙura ta kwanta. Abin da ya saura cikin tsohuwar filta, da wanda ya ɗiga gefe, da fetur ɗin da yaron shago ya wanke kayan inji da shi ya watsar, duk ƙasa ce ke shanye su. Bayan shekaru sai ka tarar da filin ya yi baƙi ƙirin, ya yi tauri yana ƙyalli, ruwan sama na gangarewa a kansa ba ya ratsawa, ko tsinken ciyawa babu.

Baƙin mai ya fi sabon mai haɗari, domin zafin inji ya tara masa abubuwan da bai zo da su ba. Akwai rukunin sinadaran da ake taƙaita sunansu da PAH, cikinsu har da banzofayirin, wanda Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa a sahun farko na masu jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Akwai kuma ɓurɓushin ƙarafa, irin su dalma da tutiya da jan ƙarfe. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa man juye guda ɗaya zai iya ɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya. A garin da ruwan damina ya haura milimita 1,000 a shekara, kuma gidaje da yawa suka dogara da rijiyoyi marasa zurfi da aka haƙa cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashin marmara, wannan ba maganar nesa ba ce. Abin da bai nutse ba kuwa lambatu ne zai kai shi kogi, inda masu noman rani ke ja su shayar da latas da alayyahu.

2. Abin da bakteriya ke fitarwa

Mai da ruwa ba sa ga maciji, ita kuwa bakteriyar da ke cin mai a ruwa take rayuwa, ko da ɗan danshin da ke lulluɓe da ƙwayar ƙasa ne. To yaya za ta kai ga abincinta? Wasu suna manne wa ɗigon man kai tsaye. Wasu kuma suna fitar da sinadari mai fuska biyu, kai mai son ruwa, wanda yawanci sukari ne ko 'yar sarƙar amino asid, da wutsiya ta kitse mai son mai. Aikinsa aikin dillali ne a kara, hannu ɗaya riƙe da mai saye, ɗaya riƙe da mai sayarwa, har ciniki ya faɗa.

Abu biyu yake yi da za a iya aunawa. Na farko yana sassauta ɗaurin fuskar ruwa, wato ƙarfin nan da ke sa ƙwaro ya yi tafiya a saman tafki bai nutse ba. Tsarkakakken ruwa yana da ɗaurin da ya kai miliniyutin 72 a kowace mita. Sabulun bakteriya mai kyau zai sauko da shi zuwa wajen 30. Na biyu, idan yawansa ya kai wani mizani, ƙwayoyinsa sai su dunƙule, wutsiyoyi ciki kawuna waje, su ɓoye mai a tsakiyarsu ya bi ruwa. Wannan mizani shi ake kira CMC, kuma gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon ƙarfin sinadarin. SDS, sabulun da ake haɗawa a masana'anta, yana buƙatar kusan miligiram 2,300 a lita kafin ya dunƙule, alhali ramnolifid, wani nau'in sabulun bakteriya, yawanci bai kai 200 ba.

Tarihin abin ba sabo ba ne. Jarvis da Johnson suka fara bayyana ramnolifid a 1949, daga Pseudomonas aeruginosa. A 1961 Gorin da abokansa a Kanada suka gano soforolifid, wanda yis ne ke yin sa. A 1968 Arima da Kakinuma da Tamura a Japan suka ware safaktin daga Bacillus subtilis, zobe mai amino asid bakwai da wutsiyar kitse, wanda ke saukar da ɗaurin fuskar ruwa zuwa 27. A 1979 Rosenberg da Gutnick da abokansu suka bayyana emulsan daga wata Acinetobacter mai lamba RAG-1, shi kuma babban sinadari ne da ba ya sassauta fuskar ruwa sosai, amma idan ya riƙe mai cikin ruwa ba ya saki da wuri. Zan dawo kan wannan bambanci, domin yana rikita sakamako da yawa.

An gwada su a manyan wurare. Bayan jirgin Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a Alaska a 1989, Harvey da abokansa sun nuna ramnolifid na cire mai daga tsakuwar gaɓar teku ninki biyu zuwa uku fiye da ruwa zalla. A 1991 Banat da abokansa suka ba da rahoton wanke tankin ajiya na kamfanin man Kuwait, inda aka ceto kusan kashi 90 cikin ɗari na man da ya maƙale cikin laka. Duk da haka sai a 2019 Unilever ya sa ramnolifid cikin sabulun wanke-wanke na Quix a ƙasar Chile, sai kuma a 2024 Evonik ya buɗe babbar masana'antarsa a Silobakiya. Shekara saba'in da biyar ke nan tsakanin ganowa da babbar masana'anta. Tsada ce ta ja wannan jinkiri, kuma duk mai son yin wannan aiki a Kaduna ya riƙe wannan a zuciyarsa tun ranar farko.

3. Samarwa: wace ƙwaya, wane abinci

Hanyar zaƙulowa sananniya ce. A ɗebo ƙasa daga gareji, a zuba kaɗan cikin ruwan gishirin Bushnell da Haas, wanda aka tsara tun 1941, a sa baƙin mai kashi ɗaya cikin ɗari ya zama shi kaɗai ne abinci. A girgiza kwana bakwai, a ɗiba a sake shukawa sau biyu ko uku, sannan a shimfiɗa a faranti. Abin da ke tsirowa yawanci Pseudomonas ne da Bacillus da Acinetobacter, wani lokaci da Rhodococcus. Sau da yawa Pseudomonas aeruginosa ce ke yin zarra, ta rina ruwan da kore, ta ba da kumfa mai yawa, ɗalibi ya yi murna.

A nan nake so mu tsaya mu yi tunani. Wannan ƙwaya ita ce dai wadda likitoci ke fama da ita a ɗakin masu ƙuna da masu tsohon gyambo. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'inta mai bijire wa magungunan kabafenem a rukunin mafi haɗari, tare da Acinetobacter baumannii. Hannun bakanike kuwa ba ya rabuwa da yanka da ƙujewa, yaran shago da silifa suke yawo, wasu ma ba takalmi. Ba daidai ba ne a reni irin wannan ƙwaya duro-duro a kai ta inda waɗannan bayin Allah ke neman abinci. Idan za a yi amfani da ramnolifid, dole a kashe ƙwayar a tace sinadarin tsaf, tacewa kuwa masana sun sha ƙiyasta cewa tana iya cin fiye da rabin kuɗin samarwa. Shi kansa Evonik bai yi amfani da ita ba. Ya ɗauki ƙwayoyin gadon da ke haɗa ramnolifid ya dasa su cikin Pseudomonas putida, wadda ba ta cutarwa.

Ra'ayina shi ne mu karkata ga Bacillus subtilis da danginta, kuma ba sai mun je gareji kaɗai neman ta ba. Tana cikin miyarmu. Binciken Odunfa a farkon shekarun 1980, da na waɗanda suka biyo bayansa, ya tabbatar cewa ita ce jagorar ruɓar da kalwa ta zama daddawa, kuma danginta ne ke aiki a daddawar batso. Matar da ta dafa kalwa ta surfe ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba cikin kwando ta rufe da ganye da tsumma kwana biyu zuwa uku, har yauƙi ya kama wari ya tashi, renon Bacillus take yi ba tare da na'ura ko wutar lantarki ba. Ƙwaya ce da muka daɗe muna ci lafiya. Idan wuya ta yi wuya tana naɗe kanta cikin ƙwanso mai tauri da ke jure zafi da fari, don haka ana iya busar da ita a adana cikin leda ba firji, ko a tsakiyar zafin Maris da Afrilu.

Amma akwai sharaɗi biyu. Ba kowace Bacillus subtilis ke yin safaktin ba. Sanannen nau'in nan mai lamba 168, wanda ɗakunan gwaje-gwajen duniya suka fi aiki da shi, yana ɗauke da rukunin gadon srfA cikakke, amma ba ya fitar da komai saboda lahanin da ke cikin ƙwayar gado ta sfp. Sannan akwai Bacillus cereus, mai dafin da ke sa amai da gudawa, wadda ke zaune a ƙasa kuma takan kutsa cikin daddawa. Rina ƙwaya da duba siffarta a madubin ƙara girma ba zai wadatar ba. Ko karanta 16S rRNA, da muke ɗauka ƙarshen magana, ba ya rarrabe 'yan gidan subtilis da kyau, sai an haɗa da wata ƙwayar gado irin gyrB.

Sai batun abinci. Baƙin mai yana da kyau wajen zaƙulo ƙwaya, amma bai dace da samarwa ba, domin ƙarafa da gubar da ke cikinsa za su biyo sinadarin da aka tace. Sukarin kanti ya yi tsada. Ƙuli-ƙuli, da wasu ke ba da shawara, abincin mutane ne da na kaji, farashinsa ba ya sauka. A Brazil, Nitschke da Pastore sun ruwaito a 2006 cewa sun sami kusan giram uku na safaktin a kowace lita daga ruwan matsar rogo, abin da a da zubarwa ake yi. Mu ma muna da namu ruwan zubarwa. Kowace unguwa daga Unguwar Shanu zuwa Badarawa tana da masu awara, kuma duk wadda ta tsinka madarar waken suya ta matse, rawayan ruwan da ya tsiyaye kwata yake tafiya, ga shi da sauran sukari da sinadarin gina jiki. Akwai ruwan tsamin gasara, akwai kuma man suyar da ya yi baƙi a kaskon mai ƙosai, wanda barinsa cikin abinci ma cuta ne.

Ruwan awara yana da nasa halin da sai an kula. Wata da ruwan tsami take tsinkawa, wata da tsamiya, wata da alif, don haka ba iri ɗaya yake fitowa ba. Yana da tsami, shi kuwa safaktin yana kwantawa idan pH ya sauka ƙasa da biyar, sai an daidaita shi zuwa wajen bakwai. Kuma a zafin garin nan ba ya kwana lafiya, dole a karɓo a dafa a ranar.

Cooper da abokansa sun nuna tun 1981 cewa ƙara ɗan gishirin ƙarfe da na manganis yana haɓaka yawan safaktin, kuma kumfar da ke ambaliya daga tankin reno, wadda kowa ke ɗauka fitina, a cikinta sinadarin yake taruwa. Idan aka yi mata hanya ta fita zuwa wani mazubi, an rage rabin wahalar tacewa. Tanki mai bututun kwashe kumfa ba abin da zai gagari masu walda na Panteka ba ne, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a maƙwabtansu. Inda wuta ba ta da tabbas kuwa, na'urar girgiza da ke son kwana biyu ko uku ba tsayawa tana iya ɓata aikin wata guda. Mafita ita ce reno a kan daskararren abu. Ohno da Ano da Shoda sun yi haka a Japan a 1995, suka samar da safaktin a kan dusar waken suya da ta rage bayan tace madara, wato dusar awara, kuma tsarin bai yi nisa da na mai daddawa ba.

4. Tantancewa: inda muka fi tuntuɓe

Mafi yawan ayyukan ɗalibai da nake karantawa tsari guda suke bi: gwajin jini, gwajin ɗigo, gwajin tarwatsa mai, E24, hoton FTIR, sai a rubuta cewa an samo gilaikolifid, mai kai na sukari, ko lifofeftaid, mai kai na amino asid, a ba da shawarar amfani da shi wajen tsabtace muhalli. Ba na raina wannan ƙoƙari, domin na san da kuɗin aljihu ake yin sa. Amma ya kamata mu gaya wa juna iyakar abin da kowane gwaji ke iya faɗa.

Gwajin jini, inda ake duba ko ƙwaya ta narkar da jajayen ƙwayoyin jini a kewayenta, shi ne mafi rauni. Youssef da abokanta sun kwatanta hanyoyin tantancewa a 2004, suka ga yana barin masu kyau a baya, yana kuma shigo da waɗanda ba sa yin komai. Dalilin a fili yake: dafi ma yana narkar da jini. Bacillus cereus za ta ci wannan jarrabawa da maki mai kyau. Farantin CTAB mai shuɗin launi, na Siegmund da Wagner na 1991, sinadarai masu cajin korau kaɗai yake kamawa, irin su ramnolifid.

Gwajin tarwatsa mai, wanda Morikawa da abokansa suka yaɗa, ya fi su amana, kuma yana da daɗin kallo. A zuba tataccen ruwa a faranti, a ɗiga ɗanyen mai ya bazu ya rufe fuskar ruwan da siririn mayafi, sannan a ɗora ɗigo guda na ruwan da aka tace daga bakteriya a tsakiya. Idan akwai sabulu, nan take man zai ja da baya, fili ya buɗe garau, a sa ma'auni a auna faɗinsa. Amma sai an yi gwajin shaida a gefe, da ruwan renon da ba a shuka komai a ciki ba, domin ruwan awara da tsohon man suya su kansu suna ɗauke da abin da ke iya tura mai. Haka kuma ragowar omo a jikin faranti da ba a ɗauraye sosai ba zai ba da da'ira mai faɗi wadda ba bakteriya ce ta yi ta ba.

E24, na Cooper da Goldenberg na 1987, shi ne a haɗa ruwan gwaji da kananzir daidai wa daida a kwalba, a kaɗa minti biyu, a bari awa 24, a raba tsawon gaurayen da tsawon duka a ninka da ɗari. Abin da yake aunawa shi ne juriyar gaurayen mai da ruwa. Ba ya auna ɗaurin fuskar ruwa. Sinadari irin emulsan zai ba da E24 mai yawa alhali bai sassauta fuskar ruwa ba, kuma furotin ko matattun ƙwayoyi ma suna iya riƙe gauraye. Saboda haka duk takardar da ba ta auna ɗaurin fuskar ruwa da na'urar zoben du Noüy ko makamanciyarta ba, ba ta nuna saukarsa ƙasa da 40 ba, ba ta kuma fitar da CMC ba, ba ta tabbatar da cewa abin da ke hannunta sabulun bakteriya ne ba.

Wajen cirowa, an saba a juya ruwan a na'ura ƙwayoyin su kwanta, a zuba asid har pH ya kai biyu, a kwana a firji, a ciro da kulorofom da metanol kashi biyu da ɗaya ko da etil asitet, a busar a auna. Abin da ya rage a kwalba ɗanyen haɗi ne, a ciki har da furotin da ragowar man da aka ciyar da ƙwayar. Idan aka rubuta nauyinsa a matsayin yawan sinadari, za a sami adadin da ya zarce gaskiya nesa ba kusa ba, wanda zai ruɗi duk mai son yin lissafin kasuwanci a kai.

FTIR yana nuna rukunonin sinadari ne kawai. Alamar da ke fitowa tsakanin 2,850 da 2,930 ta sarƙar kitse ce, ta wajen 1,735 ta esta ce, ta 1,650 da 1,540 ta haɗin amino asid ce. To man gyaɗa ma yana da biyun farko, furotin ɗin waken suya yana da na ƙarshe. Haka GC-MS: idan an ciyar da ƙwaya da man suya sannan na'ura ta nuna asid ɗin oleyik da na famitik, abincin aka gani, ba abin da ƙwayar ta ƙera ba. Shaidar da ke yanke gardama ita ce LC-MS. Ramnolifid mai sukari ɗaya yana fitowa a 503, mai biyu a 649. Dangin safaktin suna jeruwa a 1008 da 1022 da 1036, tazarar 14 tsakaninsu saboda bambancin tsawon wutsiya. Inda ba a kai ga wannan ba, TLC tare da sahihin samfuri a gefe, da gwajin osinol na sukarin ramnos, sun fi zato.

Na san kayan aikin nan da tsada. Amma a cikin 'yan kilomita kaɗan muna da Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja mai tarihi tun 1964, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NARICT a Zariya, tafiyar awa guda. Da ɗalibai goma su zaƙulo ƙwaya goma kowa ya tsaya a FTIR, gara su haɗa kuɗi da ƙarfi a kan ƙwaya biyu, a bi su har ƙarshe, a adana su a inda na baya zai same su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Daga faranti zuwa jar ƙasa

Yawancin gwaje-gwajen wanke ƙasa da ake karantawa daga waje a kan yashi aka yi su. Tamu ƙasar ja ce, cike da tsatsar ƙarfe da yumɓu. Ramnolifid da safaktin dukansu cajin korau gare su, tsatsar ƙarfe kuwa a ƙasa mai ɗan tsami tana ɗauke da kishiyar wannan caji, sai ta kama su ta riƙe. Ma'ana wani kaso na abin da aka zuba zai manne wa ƙasa kafin ya taɓa mai, kuma adadin da ya isa a kwalba ba zai isa a fili ba. Ruwan rijiya mai alli ma yana kwantar da safaktin. Saboda haka gwajin juriya da muke yi, na dafawa da ƙara gishiri, wanda aka aro daga masu haƙar mai, bai kai muhimmancin a auna nawa ƙasar Kurmin Mashi ke shanyewa ba.

Akwai haɗarin da ya fi wannan, wanda ban cika jin ana faɗa ba. Baƙin man da ya daskare a saman gareji, duk da muninsa, a zaune yake. Sabulu zai tashe shi ne ya sa shi tafiya, shi da dalmar da ke tare da shi, domin waɗannan sinadarai suna kama ƙarafa. Idan aka kwarara su a fili a watan Agusta, sai mu wayi gari mun kai guba rijiyar maƙwabci da hannunmu. Don haka aikin na rani ne, kuma a kan dandamali: a kankare saman ƙasar, a tara ta a kan siminti ko leda mai kauri da ke da magudana zuwa rami mai rufi, a gauraya ta da takin kaji da ɓuntun shinkafa don iska da abinci, a yayyafa sinadarin, a riƙa juyawa ana jiƙawa. Dole a bar tuli ɗaya da taki kaɗai, ɗaya da ruwa kaɗai, ɗaya da omo, domin an sha gani a wasu wurare cewa taki da juyawa ne suka yi mafi yawan aikin, wani lokaci ma ƙwayoyin ƙasa sabulun suke fara cinyewa su bar man. A auna yawan man da ya rage, a auna ƙarafan cikin ruwan da ya tsiyaye, a ƙarshe a shuka masara ko wake a ga ko za su tsiro. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni na 2011 ya ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 kafin a gyara yankin. Tamu ɓarnar ba ta kai can ba, amma ita ma ba ta mako guda ba ce. Irin wannan gwaji yana buƙatar sanin hukumar KEPA ta jiha da NESREA ta tarayya, da kuma yardar shugabannin ƙungiyar kanikawa, waɗanda filin nasu ne.

Sai dai a ganina, abu na farko da ya kamata ya fita daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa gareji ba maganin ƙasa ba ne, ruwan wanke kayan inji ne. Babu bakaniken da zai cire kuɗinsa ya wanke ƙasar da haya yake yi a kanta. Amma tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, kowace kwalbar da yaro ya wanke giris da ita tana ci masa rai. Idan aka ba shi ɗanyen ruwan safaktin da aka dafa aka tace, wanda ba ya kama wuta, ba ya busar da fata, tare da tiren wanki mai tara dattin a duro inda man zai taso a kwashe, an toshe ɗaya daga manyan ƙofofin da mai ke bi ya shiga ƙasa. Wannan ba ya buƙatar tsarkin da kulorofom ke bayarwa. Abin da yake buƙata shi ne a auna giram nawa na giris lita guda ke cirewa daga noti da beyarin, kwana nawa yake yi a jarka a zafin shago bai lalace ba, ko yana sa ƙarfe tsatsa, da kuma naira nawa litar ta tsaya idan aka haɗa kuɗin ɗauko ruwan awara da na makamashi da na aiki, a jera ta kusa da farashin fetur da na omo na lokacin.